Nutso ni kaɗai a kejin kifi: ƙaramin tulu zan saya ko karatu zan ƙara?

Ɗan Nima: Salamu alaikum jama'a. Wata gonar kifi a tafkin Volta, gaba da Akosombo kaɗan, ta kira ni aiki: duba ragar keji, ɗinke inda ta yage, kwashe kifin da ya mutu. Yawanci mita 6 zuwa 8 ne, amma wani lokacin sai an bi igiyar anga har wajen mita 20. Ni kaɗai zan riƙa shiga, sai mai kwalekwale a sama. Takardar Open Water, wato matakin farko na koyon nutso, kawai gare ni. Kuɗina ba za su ɗauki abu biyu ba, ko ƙaramin tulun iska na biyu da regiletarsa (na'urar da ake shaƙar iskar tulu da ita), ko in biya Advanced, kwas ɗin mataki na gaba. Wanda ya taɓa irin aikin nan ya taimaka mini.

Abu Fadama: Wa alaikumus salam. Agogon nutso, mai nuna zurfi da lokaci, za ka fara saya. Ni tun da na sayi nawa hankalina kwance.

Hajiya Mai Waakye: Ɗana, duk faɗin Accra ba ka samu aiki a tudu ba? Zo ka kama mini wanke-wanke, nan ma ruwa ne.

Sani Madina: Ƙanena, kafin maganar kaya, takardarka mita 18 ta tsaya, ga shi kana ambaton 20. Kuma kwas ɗin nutson mutum ɗaya daban yake da Advanced. Na PADI, ƙungiyar da ke ba da takardun nutso, sunansa Self-Reliant Diver, sai kana da Advanced, shekara 18, da nutso 100 a rubuce. Na SDI, wata ƙungiyar irinta, shekara 21 suke nema, nutso 100 shi ma. Ka kai ɗarin?

Ɗan Nima: Ko rabi ban kai ba, Yaya.

Baba Tema: Ku bar ni da takarda. Lokacin da nake yanke igiya a farfelar jiragen kifi a Tema, wani ɗan kwangila ya tura ni in kwance anga da ta maƙale a wajen tasha. Ruwan duhu, tafin hannunka ma da ƙyar kake gani. Ina cikin aiki tsohuwar komar roba, irin siririyar nan da ido ba ya gani, ta kama bakin tulu ta bayan wuyana. Na juya in duba, juyawar ce ta ƙara naɗe ni. Wuƙata tana ɗaure a sha-raɓa, ƙafar kuma ta riga ta shiga koma. Na ja igiyar da ke haɗa ni da sama, na sake ja, ashe yaron da ke sama ya ɗaure ta a jikin jirgi yana cin kenke. Da allurar iska ta shiga ja, na kwance rigar da tulun gaba ɗaya na bar su can, na taso da gudu. Na fito ina tarin jini. Kunnena na hagu har yau ba ya ji sosai. Ina kwance a gida ɗan kwangilar ya aiko, ba gaisuwa ba, wai an cire kuɗin tulu da regileta daga haƙƙina. Wata biyu na yi masa aiki a banza.

Abu Fadama: Innalillahi. Allah ya isa, Baba.

Sani Madina: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Amma labarinka ai shi ake koyarwa a aji. Abin yanka biyu, wuƙa da almakashi, a ƙirji ko a ƙugu inda kowane hannu zai kai. In koma ta kama ka, ba a juyawa. Kuma ba a riƙe numfashi ana tasowa, iskar huhu kumbura take yi.

Baba Tema: Sani, ruwan da ka koyi nutso a Masar kana hango ƙasa tun daga jirgi. Na girme ka a ruwan ƙasar nan da shekara ashirin. A Volta itatuwa ne tsaye a ƙarƙashi tun da aka gama dam a 1965, kuma ko'ina ragar masunta ce rataye a jikinsu. Wace takarda ce ta san wannan?

Sani Madina: Ban raina ka ba, Baba. Lissafi dai ba ruwansa da Masar ko Volta. A mita 20 iska ninki uku kake sha. Mai shan lita 20 a minti a sama, can ƙasa 60 ne, in tsoro ya shiga ya kai 120. Ƙaramar kwalbar nan Spare Air da ake talla, iskar cikinta wajen lita 85 ce, ko minti ɗaya ba za ta yi maka ba. Tulu mai lita 3 da aka cika da matsin bar 200 ya ba ka lita 600, wato minti biyar a wannan halin. Shi ne zai isa ka yanke raga ka taso a hankali.

Ɗan Nima: To nawa irin mai lita 3 ɗin?

Abu Fadama: Na hannu, da regileta, sidi 3,000 na taɓa gani.

Rabi'u Newtown: Wace shekara? An ce mini 7,500 watan jiya, ba regileta ma.

Masa Ashaiman: Ku zo Tema wajen masu kayan jirgi, 1,200 na ga wani.

Hajiya Mai Waakye: Ka duba da kyau, kada ya zama na kashe gobara aka yi wa fenti.

Sani Madina: Hajiya wasa take yi amma da gaskiyarta. A duba hatimin da ke wuyan tulu. Gwajin matsi duk shekara biyar ne, leƙa cikinsa kuma duk shekara. In ba hatimi, ko kyauta ne ka bar shi.

Baba Tema: Ni abin da zan ce, Ɗan Nima ya sami mutumin kirki a sama da igiya a hannunsa, ba a jikin jirgi ba. Ku shirya tun a tudu, ja nawa ne lafiya, ja nawa ne a ciro ka. Kuma ya tambayi inda suke cika iska. In kwamfuresa mai fetur ne kuma bututun shan iskar yana kusa da salansa, hayaƙi za a ɗura maka, gubar da ke cikinsa kuwa ba ka jin warinta, sai dai ciwon kai da jiri a ƙarƙashin ruwa.

Rabi'u Newtown: Ni tambayata ma, me ya sa shi zai sayi tulun? Gonar ba ta da kuɗi ne? Inda na yi aiki bara, tulu ɗaya mu uku, robar bakin regileta duk ta tsage. Ka yi magana a ce akwai yara a bakin ruwa da za su shiga da tiyon shaƙar iska a rabin kuɗinka.

Masa Ashaiman: Yaran tiyo su suka kashe kasuwa. Kwamfuresan cika taya fa suke shaƙa.

Abu Fadama: Kada ka ga laifinsu, yunwa ce. Mai ba su aikin za ka kama.

Rabi'u Newtown: Kuma ranar da iska ta tayar da ruwa ba a shiga ba, ba a biya. Kuɗin mota daga Accra kai, abinci kai. Har yanzu ina bin su na mako uku, manajan ya daina ɗaukar wayata. Baba, kai ka taɓa karɓo naka daga wajen ɗan kwangilar nan?

Baba Tema: Ya rasu. Ɗansa ke riƙe da aikin, na je sau ɗaya ya ce bai san zancen ba.