Lahadin ƙarshe kafin a koma sukul, ina zan kai yaran gidanmu?

Ɗan_Aboabo

Salamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san garin Kumasi. Ni ɗalibi ne a Tek, wato jami'ar KNUST, dogon hutu ya zo ƙarshe saura kaɗan mu koma hostal, kuma na yi wa ƙannena alkawarin zan fita da su Lahadin ƙarshe, ga Lahadin na matsowa ni kuma har yanzu bansan inda zan dosa da su ba.

Yadda abun ya faro, ranar nan muna zaune tsakar gida ina ba abokina labarin hutun bana sai ƙanwata ta tsoma baki tace Yaya kai ka ci hutu mu kam daga makaranta sai aike. Wlh maganar ta tsaya min. Don ni Asabar ɗina kusan iri ɗaya ce amma akwai daɗi, da sassafe koko da ƙosai, in raka Mma kasuwar Kejetia in taya ta buɗe shago in jera atamfofi, da la'asar a tafi gala a fili unguwa da unguwa, bayan isha'i a zauna bes ana dafa ataya ana gardamar ƙwallo har sha biyu. Su kuwa Asabar da Lahadi allo ne a hannu tun safe.

Wanda ya fi tsaya min a rai duk hutun nan ma a gida aka yi shi, Lahadin da Kawu ya zo daga Ankara (Accra) da iyalinshi. Aka sayo rogo aka ce fufu za'a daka da miyar gujiya, ni da ɗan Kawu muna karɓa-karɓa da taɓarya, Gwaggo na zaune tana juyawa da hannu tana mana tsiya wai yan jami'a basu iya komai ba sai danna waya, in na ɗaga taɓarya gabana faɗuwa yake kar in sauke mata a yatsa ita ko a jikinta, hira ma take da Mma bata kallon turmin. Ana gama ci aka ɗauke wuta, ga ɗan sanyin Agustan nan da yayyafi, sai kowa ya taru a baranda Kaka ta ɗauko labarin kakanta da fataucin goro zuwa Salaga da jakuna, labarin da mun ji shi ya fi a ƙirga amma ranar har yaran suka yi tsit.

To yaran biyar ne, babbar shekararta 14 ƙaramin 7, kuɗin hannuna bai taka kara ya karya ba. Ina tunanin tafkin Bosomtwe amma Mma da jin ruwa tace a'a. Ina kuke ganin ya dace? Ku ma ku bamu labarin naku ƙarshen makon da ba kwa mantawa.

Yar_Sawaba

Wa alaikumus salam. Ƙanwarka ta faɗi gaskiya kuma ma ta rage maka. Ku maza ƙarshen mako hutu ne, mu a Zango ƙarshen mako biki ne, biki kuma aiki ne. Tun daga lalle ake farawa, Asabar a kwana kan murhu, Lahadi da safe a ɗaura aure a kafa kanofi a tare hanya, ku zo da manyan kaya ku zauna a miƙo muku waakye a leda ku ci ku ce Allah ya bada zaman lafiya ku tafi, wa ya wanke tukwanen? Ga kuɗin anko da ba'a magana, hutun nan kaɗai sai da na ɓoye wa wata ƙawata don kar ta kawo min wani.

Amma fa in ka tambaye ni wanda na fi so, daren Asabar ɗin nan ne na girki. Manyan tukwane a jere, hayaƙi na cin ido, hajiyoyi sun ɗaure ɗankwali a ƙugu suna yanka albasa buhu guda ana ba da labarin auren mutanen da yanzu jikoki garesu, wata ta tashi ta taka rawa da ludayi a hannu, kusan asuba a ɗebo mana ƙanzon jalof mu yan mata mu ci a murfin tukunya. A nan na koyi haɗa shito da bata lalacewa.

Batun yara, ka kai su Manhyia mana, fadar sarkin Asante, ga ta nan kusa da ku pragya (keke mai ƙafa uku) ɗaya ce. Gidan tarihin shine gidan da aka gina wa Prempeh na ɗaya a 1925 bayan ya dawo daga Seshel inda Turawa suka kai shi, kuma a 2024 an kawo kayan zinare daga Ingila aka baje su a ciki, wai aro aka bayar, kayan mutum a bashi aro, bari in yi shiru. Ka duba in Lahadin ta faɗo kan bikin Akwasidae, duk sati shida ake yi, in ta dace za su ga sarki Otumfuo da manyan laimomi da kiɗa, sai dai cinkoso, ka riƙe ƙaramin da kyau. Kuma dan Allah kar a ce matan su zauna su taya Mma aiki a fita da mazan.

Direban_Asafo

Ɗan uwa ni dai Bosomtwe zan ce maka ko Mma zata yi fushi dani. Yaro ya tashi a Kumasi bai taɓa ganin tafkin ba ai an cuce shi. Nisan bai wuce kilomita 30 da ɗan wani abu ba, ka hau tirotiro (ƙaramar bas ta haya) zuwa Kuntanase daga nan taksi ta gangara da ku Abono, kuma gangarar nan ita ce rabin daɗin, mota na lanƙwasa kana hango ruwan can ƙasa duwatsu da daji sun zagaye shi kaman kwano. Masana sun ce wani dutse ne ya faɗo daga sama sama da shekara miliyan ɗaya ya haƙa ramin, ruwan sama ya cika shi, babu kogin da ke fita daga ciki. Tonawa kuma, wato Asante, wajen mai tsarki ne a wurinsu, suna cewa ran mamaci nan yake zuwa sallama, shi yasa masuntan gargajiya basa sa jirgin ƙarfe, kan wani faffaɗan katako suke zama suna tuƙi da hannu. Yarana da suka gani sun ɗauka mutumin a kan ruwa yake zaune.

Amma ka ji sharuɗɗa. Kar ka je ranar holide, samari ne ke cika wajen da sifika da giya ba wajen yara bane ranar. Ka je da safe ka juyo kafin la'asar don motar dawowa na wahala da yamma. Ka tafi da abincinku a kula da tabarmar salla, kifi kawai zaka saya a can, soyayyar karfasa ƙanana masu ƙaya. Ruwan kuma tsakiyarshi ya fi mita 70, yara iyakarsu gwiwa, kuma kai kaɗai bazaka iya da biyar ba ka ɗauki babba ɗaya. Tsoron Mma ba laifinta bane, tun abun da ya faru a Kintampo a 2017 da itace ya faɗa kan ɗalibai iyaye suka tsani kalmar eskoshin.

Nima_Boy_Asali

Hhhh cale ku yan Kumasi kun ga tafki kuna ta murna, ku zo Ankara ku ga teku. Agusta ai namu ne, Gaawa na bikin Homowo, ga bikin Chale Wote da aka fara a Jamestown a 2011 ana zane a bango ana kiɗa a titi, Juma'a ka yi salla a babban masallacin Kanda wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, da dare ka dawo Nima ka ci tsire da burkina mai sanyi. Nawa ƙarshen makon da bana mantawa shine da muka cika tirotiro guda yan bes ɗinmu zuwa Aburi, mun ɗauka zafi za'a yi kowa da singileti, muna hawa dutsen hazo ya rufe mu muka riƙa karkarwa a cikin lambun muna cin gasasshiyar masara da kwakwa, met ɗin motar na mana dariya.

Amma maganar gaskiya kar ka kwaso yara biyar a bas zuwa nan don wuni ɗaya, a Nkawkaw kuɗinka zai ƙare wajen sayen burodi. Kuma teku a watan nan sanyi gareta ga igiya, mu kanmu bakin yashi muke tsayawa. Bari sai Disamba ka kawo su gidan Kawun naka.

Baban_Yalwa

Ɗana Allah ya yi maka albarka da ka tuna da ƙannenka. Abu ɗaya da ba wanda ya faɗa, Lahadi ranar makaranta ce. Kar ka kwashe su haka kawai, ka je da kanka tun Asabar ka gaida Malam ka nemi izini, ka riƙe ɗan goro ko abun sadaka, zai bari kuma har addu'a zai musu. In ka ɗauke su babu sallama Litinin da yamma su za su sha bulala ba kai ba.

Mu a zamaninmu Lahadi ta filin ƙwallo ce, wanda yanzu ake ce wa Baba Yara. In Kotoko na wasa da Hearts tun hantsi garin ke ja, mu yara bamu da kuɗin shiga sai mu laɓe a ƙofa har a buɗe geti kusa da tashi mu ruga mu kalli mintocin ƙarshe, mu dawo gida a ƙafa muna ba da labari kai kace daga farko muka gani. Da King Faisal ta zo kuma sai gidaje suka rabu, ni da yayana mun yi wata bama cin tuwo kwano ɗaya. Yanzu lig na hutu ai da nace ka kai su.

Gidan zu ma ba laifi ga mai ƙaramin kuɗi, ga shi jikin Kejetia, ko jemagun da ke rataye a itatuwan wajen sun isa ƙaramin ya yi sati yana labari, daga nan ku taka zuwa Kalcoral Senta su ga masu saƙa da sassaƙa. Shawarar ruwa kuwa, abun da uwa tace a'a a bar shi, sai in ita ta sauko da kanta.

Ɗan_Aboabo

Na gode ƙwarai jama'a, Baba na gode, gobe in sha Allahu zan je wajen Malam. Na karanta wa Mma duka, da na zo kan na Direban Asafo sai tace to in dai dole sai tafkin ita ma zata rufe shago ta bi mu, kuma ba mai taɓa ruwa ko da yatsa, Gwaggo ma tace bata taɓa zuwa ba a sa da ita, Kaka na ji tace ita wa za'a bar wa gida. Kun ga daga mutum shida mun koma tara kuma kuɗin bai ƙaru ba. Direba dan Allah in mutum zai ɗauki shatar tirotiro zuwa da dawowa ya ake yi, ta fi sauƙi ko mu bi layi kawai?

Direban_Asafo

Da tsohuwa a ciki shata zaka ɗauka, hawa da sauka a Kuntanase zai wahalar da ita. Ka zo tasha ranar Juma'a bayan masallaci ka yi ciniki da direba ido da ido, kar ka biya duka sai kun dawo, kuma ka ce wa su Gwaggo kowa ya kawo nashi kason tunda su suka ƙara kansu.

Yar_Sawaba

Kuma kulolin abincin in an dawo kai zaka wanke, ba yar 14 ɗin nan ba.