Don Allah ya kuke karanta zuwoloji? Hadda ta ishe ni

Ɗan_TudunWada:
Assalamu alaikum jama'a. Ina aji ɗaya a ABU Samaru, likitanci na cike a JAMB amma zuwoloji aka ba ni, na karɓa don zaman gida ya gundure ni. To yanzu jarabawa ta matso kuma kwas ɗin rabe-raben dabbobi na nema ya kwance min kai. A sakandare bayoloji bai taɓa ba ni wahala ba, in haddace in je in zuba, amma nan Platyhelminthes, Nematoda, Annelida wallahi duk tsutsa ce a wajena, sai in zauna a laburaren Kashim Ibrahim in karanta har in ji ya zauna amma kafin bas ta sauke ni a Tudun Wada komai ya cakuɗe. Waɗanda suka wuce wajen nan ku taimaka.

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam ƙanina. Abin da ke damunka suna kake haddacewa ba ka san mai sunan ba. Duk ukun nan da ka lissafa ka san su tun kana yaro. Annelida ita ce tana, wadda ke fitowa in an yi ruwa, da matsattsaku, jikinsu gaɓa-gaɓa kamar an jera zobba. Nematoda jikinta sumul, zagayayye, bakin nan biyu tsini, babu gaɓa ko ɗaya, Ascaris kenan da yara ke kasayarwa in an ba su maganin tsutsar ciki. Platyhelminthes kuma shafaffu ne, cikinsu har da Taenia saginata da ake ɗauka a naman shanun da bai dahu ba, ita ko hanji ba ta da shi, ta fatarta take tsotse abincin da kai ka narkar.

Sai tsargiya, wannan kam ka riƙe ta da kyau don malamai na son tambayar zagayen rayuwarta. Schistosoma haematobium, ita ma shafaffiya ce. Mai cutar ya yi fitsari a rafi ko kududdufi, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ɗan ya shiga jikin ƙaramar katantanwar ruwa ta jinsin Bulinus ya hayayyafa a can, ya fito ya huda fatar yaron da ya shiga wanka, ƙarshe ya sauka a jijiyoyin jinin mafitsara, shi ne za ka ga fitsarin jini. In ka iya ba wa ƙaninka labarin nan da Hausa ba ka duba littafi ba to ka iya, Turancin kawai za ka ɗora.

Malam_Firaktikal:
Hajiya ta gama magana, ni zan ƙara ta ɓangaren zane don nan ake zubar da maki a banza. Samo fara ɗanya, ba soyayyiya ba don an riga an fige mata ƙafa da fiffike, ka ajiye a farar takarda. Kai, ƙirji, ciki. Ƙafa shida kuma duk a ƙirji suke, da yawa sai su zana wasu a ciki. Ka ɗauko kaska a jikin akuya ka ƙirga, takwas ne, babu ƙahonnin nan biyu na shinshina, ita da gizo-gizo da kunama gidansu ɗaya. Duk Arthropoda ne amma aji daban.

Zane da fensir mai tsini, layi ɗaya ba karce-karce, kar ka yi inuwa, layukan da ke nuna sunayen sassa ka ja su da rula kuma kar su gitta juna, ka sa take da adadin girman da ka ƙara. Sunan kimiyya kuwa na farko da babban baƙi na biyu da ƙarami, kowanne ka ja masa layinsa daban a ƙasa. Clarias gariepinus, tarwada kenan, na sha ganin an rubuta duka biyun da babban baƙi.

Sadiq_Kongo:
Ni dai ban yarda a ce ba hadda ba gaskiya. Fara ba za ta faɗa maka wace dabba ce ke da kogon jiki (sararin da ke tsakanin hanji da bangon jiki) na gaskiya wace ce ba ta da shi ba, wannan dole ka zauna ka dake shi. Ku haɗa gurup ku uku ko huɗu ku nemo tsofaffin tambayoyi wajen 'yan aji biyu, kowa ya ɗau kashi ɗaya ya koyar. Kuma ka dage ko don maki, in kana da niyyar neman canjin kwas ba a sauraron mai kariyoba.

Maman_Ilham:
Sadiq ai ban ce kar ya yi hadda ba. Ko kogon jikin ma tsari gare shi, shafaffu babu sam, Nematoda na bogi, tana na gaskiya, layi uku ne a bayan kati.

Ɗan_TudunWada:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Tana dai sai damina, yanzu ƙasa ta bushe, amma akwai lambu a bayan unguwarmu zan tona gobe in sha Allah. Malam don Allah kyankyaso zai iya maye gurbin farar? Shi kam akwai shi a gida ba sai na nema ba.

Malam_Firaktikal:
Zai yi, sai dai ka kifar da shi ta baya don fiffike na rufe cikin, kuma kansa a ɓoye yake ƙarƙashin garkuwar ƙirji. Ka zana ka turo in duba maka.