Likita ya ce a yi wa 'yata MRI na ƙoda, wa ya san yadda abin yake?

MamanBiyu_Agege:
Salam jama'a, dan Allah a ba ni shawara. Yarinyata shekararta 5, tana zuwa bayi ta yi fitsarinta lafiya lau kamar kowa, amma wandonta kullum a jiƙe dare da rana har cinyoyinta sun fara salewa. Kakarta ta ce ƙiwa ce kawai. Mun yi sikanin, likita ya ce kamar ƙodar hagu biyu ce a haɗe, ya rubuta mana hoton MRI na hanyar fitsari, shi kuma babanta ya ƙi wai injin na ƙona jini. Ya zan yi?

Nas_IdiAraba:
Wa alaikis salam Maman Biyu. Ki ce wa maigida ya kwantar da hankalinsa, MRI ba ruwansa da hasken da ke cikin eksire da CT, maganaɗisu ne da igiyar rediyo. Kuma dan Allah a daina yi wa yarinyar nan faɗa. Akwai 'yan matan da ake haifa da bututu biyu daga ƙoda ɗaya, guda ya shiga mafitsara daidai shi ya sa take fitsari lafiya, ɗayan ya sauka can ƙasa inda ba abin da zai riƙe fitsarin, sai ya yi ta ɗiga ba ta ma sani ba. Sikanin da wuya ya bi bututun har ƙarshensa, MRI kuwa zai nuna inda ya ɓulla, in an sa ruwan allura mai sa hoton ya fito fili ya nuna aikin da kowane ɓangare na ƙodar ke yi, da shi likitan tiyata zai san gyara zai yi ko cire ɓangaren da ba ya aiki. Ban ce shi ne da ita ba fa, likitanku ne ya gan ta.

DanGwari_Mile12:
Hajiya an yi wa ɗana. Wahalar kawai kwanciyar ce, wajen awa guda ba motsi cikin rami ga ƙara kwas-kwas kamar ana fasa kankare, sai da suka ba shi maganin barci, to kuma dole ya je ba ci ba sha na wasu awoyi. Sun sa masa kanula da ƙarin ruwa da Lasix, maganin da ke ƙara yawan fitsari, don fitsari ya taru. Ku nemi layin safe ku fito da asuba, gosulo da yaro mai jin yunwa ba daɗi wallahi.

Nas_IdiAraba:
Haka ne malam. Ƙari, kafin ruwan allurar nan gadoliniyom ana gwajin jini na kiriyatinin don a ga ƙarfin ƙoda, in ƙoda ta yi rauni sosai, wato ma'aunin aikin ƙoda (eGFR) ƙasa da 30, ana taka-tsantsan da shi. Kuma kar ki biya kuɗi sai kin nuna musu takardar sun ce suna yin irin wannan wa yara, kuma akwai mai ba da maganin barci, ba duk mai injin ke yi ba. A asibitocin koyarwa na Legas, LUTH da LASUTH, akwai likitocin tiyatar yara, su za su nuna miki inda ya dace.

MamanBiyu_Agege:
Allah ya saka da alheri, zan tura wa babanta ya karanta da kansa. 'Yan kunnenta fa da layar da kakarta ta ɗaura mata?

Nas_IdiAraba:
A cire duka tun daga gida 'yar uwa, har ribom mai ƙarfe da fil ɗin hijabinki in za ki raka ta ciki.