Firinta mai allurai: abin da masu gyara suka ba da shawara

Masu gyara da masu aiki da firintar dot matrix sun tattauna kan yadda za a sa ta daɗe tana aiki.

Kan firintar, wato sashen da ke buga rubutu, na ɗauke da siraran allurai, galibi 9 ko 24. Maganaɗisun lantarki ne ke cilla kowace allura, ta daki ribon mai tawada, ɗigo ya fito a takarda. Ɗigo-ɗigon ne ke haɗuwa su zama harafi. Dukan nan ne ke jawo ƙarar, shi ne kuma ke sa bugu ɗaya ya ratsa rasit mai kwafi uku, abin da firintar leza ba ta iyawa.

An fi jan magana kan ribon. In rubutu ya dusashe, a sauya shi, kada a ɗura masa tawadar hatimi. Tawadar ribon na da maiƙon da ke sa allurai santsi, ta hatimi kuwa bushewa take, ta maƙale su. Wasu sun koka da tsadar ribon, amma a ganina sayen sabon kai ya fi ciwo. Farin layi da ya ratsa haruffa alama ce allura ta karye ko ta cije.

In takardar mai kauri ce, a buɗa tazarar da ke tsakanin kan da takarda tukuna. Bayan dogon bugu kada a taɓa kan, yana ƙuna. A riƙa rufe firintar saboda ƙura.