Lissafin foka: yaya ake auna kuɗin da bai shigo tsakiya ba?

Ɗan Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum. Masana lissafi a taimaka. Texas Hold'em ne na waya, wani nau'in wasan kartar foka, mai kwabban wasa da ba a saye ba a cirewa, da shi muke gwada darasin yiwuwar aukuwa. A hannuna akwai A da 7, duka masu alamar zuciya. An buɗe huɗu cikin katunan biyar da ake buɗewa a tebur: K da 9 na zuciya, sai 4 da 2 baƙaƙe. Tsakiya, wato kuɗin da aka tara wanda mai nasara zai kwashe, akwai 1,000, abokin wasa ya zuba 500. Lissafina ya ce in ajiye katina in fita, amma na ji ana cewa gwanaye kan bi, wato su ma su zuba 500 ɗin, saboda abin da za su ci a zagayen ƙarshe. Wanne ne daidai?

Malamin Lissafi, Daura:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da abin da ke gabanka. Karta 52 ce, ka ga shida, saura 46. Masu zuciya 13 ne, huɗu sun fito, saura 9 da za su cika maka biyar iri ɗaya. Wato 9 cikin 46, kashi 19.6 cikin ɗari. Za ka sa 500 a tsakiyar da za ta zama 2,000, don haka kana buƙatar kashi 25. Ba ka kai ba.

Hanya mafi sauƙi ta ganin matsakaicin sakamako: ka ɗauka an buga hannun nan sau 46. Sau 9 ka ci 1,500, ya zama 13,500. Sau 37 ka yi asarar 500, ya zama 18,500. Giɓin 5,000 ke nan, kusan 109 a kowane bi. Wannan tunanin tsoho ne, tun wasiƙun Pascal da Fermat na 1654 kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse ake yin sa.

To, giɓin 5,000 ɗin nan dole ya fito daga hannu taran da ka ci. Raba 5,000 gida 9, ka samu 556. Idan duk lokacin da katinka ya faɗo za ka ƙara karɓar 556 daga wurinsa, a matsakaici, ka fita ba riba ba asara. Sama da haka ka bi, ƙasa da haka ka ajiye. Kuma kafin komai duba abin da ya rage a gabansa: in 400 ne kacal, magana ta ƙare.

Hajiya Mai Ƙididdiga:
Lissafin Malam daidai ne, sai dai a kalmar "a matsakaici" gizo ke saƙar. Mutane sukan ce ai zan zuba 1,000 a ƙarshe, ya fi 556, shi ke nan. Ba haka ba ne. Sai ka ninka da yawan lokutan da zai biya. In rabin lokaci yake biya, 500 ka samu, har yanzu da giɓi. Sai ya biya sau shida cikin goma kafin ka kai 600. Kamar mai sayen rago a kasuwar Mai'aduwa don ya kiwata zuwa Layya ne: kuɗin saye da na dusa tabbas sun fita, farashin Sallah kuwa sai mai saye ya yarda.

Kuma zuciya ta uku a tebur kowa na ganinta, mai hankali sai ya ja birki. Jeren lambobi biyar a bi da bi ya fi ɓuya. A ce kana riƙe da 8 da 7, tebur na da 6, 5 da K: 9 huɗu da 4 huɗu ne ke cetonka, takwas ke nan, ƙasa da tara, amma idan 4 ta faɗo mai K bai ga wani haɗari ba, zai biya.

Sannan ba duk taran nan ne masu tsabta ba. In yana riƙe da 9 biyu, yana da uku ke nan. Da 4 ko 2 ta zuciya ta fito, kai ka cika biyar ɗinka, shi kuma ya haɗa uku da biyu, ya fi ka. Katunan cetonka sun koma 7 cikin 44, kashi 16, kuma a waɗancan biyun ba 500 kaɗai za ka rasa ba, har abin da za ka zuba da murna a ƙarshe. Da ma 7 da 6 kake riƙe da su maimakon A, abin ya fi muni, domin mai zuciya babba na iya kwashe ka gaba ɗaya.

Abu Ƙofar Marusa:
Abu biyu zan ƙara. A teburin kwabban banza mutane ba sa ajiye kati, komai aka zuba bi suke, saboda haka 556 ɗin ba ya wuyar samu, amma kada ka ɗauka haka lissafin yake a ko'ina. Na biyu, da zarar kuɗi na gaske ya shiga ya zama caca, hukuncinta a addini kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ko a lissafin ma, abin da wani ya ci wani ne ya rasa, mai shirya wasan kuma na yankar kasonsa daga tsakiya, don haka jimillar 'yan tebur kullum ƙasa take yi.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Na gode ƙwarai. Malam, da a ce uku kawai aka buɗe fa? Ba kashi 35 ba ne?

Malamin Lissafi, Daura:
Kashi 35 ɗin na wanda zai ga kati biyu da biya ɗaya ne, wato ɗayanku ya riga ya zuba duk abin da ke gabansa. In ba haka ba, 500 ɗinka kati ɗaya ya saya maka: 9 cikin 47, kashi 19, kuma zai sake zubawa kafin na biyar. Shi ya sa ake ninka katunan ceto da 4 in babu sauran zubi, da 2 in akwai, don a ƙiyasta kashi nawa ne cikin ɗari. Ka kuma lura da wanda ke magana a ƙarshe. In kai ne, ka ga abin da ya yi kafin ka yanka farashi, wani lokacin ma ya zuba ka ƙara a kai. In kai ke farawa, ka yi shiru ya yi shiru, ka tashi da 1,500 ɗin kawai.