Abin da aka tattauna kan ambaliyar ƙazanta idan famfon sokawe ya tsaya

A zaman da masu gidajen haya da masu gyaran famfo suka yi a unguwarmu nan cikin birnin Kano, an fi daɗewa kan dalilin tsayawar injin da ke tura ƙazanta daga ramin tara ta. Masu gyaran sun ce ba kasafai injin ke mutuwa da kansa ba. Leda da famfas da tsumma ne ke naɗe fankarsa har ya ƙone, ko kuma maiƙo ya daskare a kan makunnin da ke iyo a saman ruwa, rami ya cika injin bai tashi ba. Ga kuma ɗauke wuta.

Shawararsu: a sa inji biyu suna karɓa-karɓa, a haɗa su da janareta, a sa ƙararrawar da za ta yi ƙara kafin rami ya tumbatsa. Ni a ganina ƙararrawar nan ta fi komai araha da amfani.

Idan ƙazantar ta riga ta malalo, a daina sakin ruwa a gidan, a kira motar kwashe masai, a hana yara wajen, a zuba kulorin. Kada a kora ta lambatu, domin kwatocin cikin birni da yawa kogin Jakara suke zubawa, ga masu noman lambu a bakinsa. Ruwan rijiyar kusa a tafasa shi saboda kwalara.

Wani dattijo ya roƙi Allah ya roƙi jama'a kada kowa ya shiga ramin, iskar cikinsa tana sumar da mutum nan take.