Wace mota ce ta fi daɗin koyon manuwal a Jos?

Sabon shiga, Rikkos: Salamu alaikum jama'a. Ina son in sayi 'yar tsohuwar mota mai giyar hannu in koyi tuƙi da ita. Golf 3 ake ta ce min, wani kuma ya ce Peugeot 406. Ku ba ni shawara don Allah, kuɗin nawa ba su taka kara sun karya ba.

Bakanike, Farin Gada: Wa alaikumus salam ƙanena. Golf 3 ka nema. Ɗan koyo sai ya cinye kulocin farko, wannan ba makawa, to gara ka cinye wanda in ka shiga Dilimi za ka samu filet ɗinsa ba wahala. Kuma ba ta da tsawo, kana ganin hancinta. Abu ɗaya: ribas ɗinta sai ka danna sandar giya ƙasa kafin ka tura hagu da gaba, kusa da lamba ɗaya yake.

Malama, Unguwar Rogo: Wannan ribas ɗin ya taɓa kunyata ni! A gaban masu kayan miya na yi ta neman sa, mai keke a bayana yana ta zabga hon. Ni dai Corolla na fi so, kulocinta laushi, ƙafar hagu ba ta gajiya a cunkoson Taminus.

Bakanike: Gaskiya ne Malama, sai dai Corolla ko ta tsufa ba ta sauke farashi.

Tsohon direba, Bukuru: Yaro, mu a 504 muka koya, ta kamfanin Peugeot na Kaduna, wadda sitiyarinta sai ka ci tuwo. Ba sunan mota nake so ka duba ba. Ranar saye ka tafi da wanda ya iya, ku kai ta kan tudu, ya ja burkin hannu ya saki na ƙafa. In ta sulale baya, ka bar musu kayansu ko su gyara. Garin nan duk hawa da gangara ne, kuma tashi a kan hawa shi ne jarrabawar ɗan koyo: ka ɗago kuloci a hankali har ka ji motar ta ɗan yi rawa tana son tafiya, ka ƙara totur kaɗan, sannan ka sauke burkin hannu. In burkin hannun ba shi da kyau, za ka koma kan na bayanka.

Sannan ranar sayen a ja burkin hannu, a sa ta lamba uku a tsaye, a saki kuloci sannu. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin. In injin ya ci gaba da kuka, filet ya gama aiki.

Sabon shiga: Allah ya saka da alheri Baba. To 406 fa?

Tsohon direba: Motar tafiya ce, ka hau hanyar Bauchi ka ji daɗi. Amma ta yi wa mai koyo tsawo, ga lalurar wayarin in ta tsufa.

Malama: Kar ka manta da takardar izinin koyo da alamar L gaba da baya, 'yan Rod Sefti ba sa jin "yau na fara".

Bakanike: In ka samo Golf ɗin ka kawo ta gareji da safe kafin a tayar da injin, a sanyi ake gane mai hayaƙi. Kar ka biya ko sisi sai na leƙa ƙarƙashinta.